Taron abokan ciniki: Yadda ƙananan 'yan kasuwa ke riƙe jama'arsu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa wata doka domin daƙile hare-haren 'yan bindiga. Dokar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya a yankin, aka shafe watanni babu kira babu saƙo.

A waɗannan watanni ne bambanci ya fito fili tsakanin mai shagon da ke da masu saye da mai shagon da ke da jama'a. Na farko ya zauna jiran wanda hanya za ta biyo da shi, alhali hanyar a rufe take. Na biyu kuwa an san ƙofar gidansa, an taɓa cin tuwo a zaurensa, don haka ko da kasuwa ba ta ci ba, sai an aiko yaro da kuɗi ko da alƙawari. Wannan maƙala bayani ce a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗan kasuwa ke bi ya zama irin na biyun, wato shirya taron da abokan cinikinsa za su hallara, su ga kaya, su taɓa, su ɗanɗana, su kuma san juna.

Mene ne taron abokan ciniki?

Taro ne da mai sana'a ke kira da kansa, a shagonsa ko gidansa ko gonarsa, ba domin ya sayar da kaya a ranar kaɗai ba, sai domin wanda ya zo ya koma gida da abin tunawa: wani ilimi da ya ƙaru da shi, ko karramawa da aka yi masa, ko sabon sanayya da ya ƙulla. Ya bambanta da talla, domin talla magana ce daga baki ɗaya zuwa kunnuwa da yawa. Ya kuma bambanta da rangwame, domin wanda rangwame ya kawo, rangwamen wani shagon zai ɗauke shi gobe.

Masana harkar kasuwanci a Amurka sun yayata wannan tunani bayan da Joseph Pine da James Gilmore suka wallafa wata maƙala a mujallar Harvard Business Review a 1998, sannan littafinsu The Experience Economy a 1999. Hujjarsu ita ce idan kaya suka zama iri ɗaya a ko'ina, farashi ma kusan ɗaya, to abin da ya rage a yi gogayya a kansa shi ne abin da mutum ya ji a ransa lokacin da ya yi hulɗa da kai. Tun kafin su, a shekarun 1950, kamfanin Tupperware mai yin robobin adana abinci ya bunƙasa ne ta hanyar walimar cikin gida, inda mace za ta gayyato maƙwabtanta a gwada musu kayan a kan teburinta. A 2010 kuma kamfanin American Express ya ƙirƙiro wata Asabar ta musamman a ƙarshen watan Nuwamba domin jan mutane zuwa ƙananan shagunan unguwa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ji waɗannan labarai kamar ana ba shi labarin gidansu ne da wani harshe.

Tushensa a kasuwancin Bahaushe

Fataucin goro da shanu tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da Kurmi ya ginu ne a kan tsarin maigida. Baƙo zai sauka a gidan maigidansa a zango, a ba shi ɗaki da abinci, a adana masa kaya da kuɗi, a haɗa shi da dillali, maigidan kuma ya tsaya masa idan an ba da kayansa bashi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa shi a 1969, ya nuna cewa akushin tuwon da maigida ke fitarwa kowane dare wani ɓangare ne na jarinsa. Wanda gidansa ya fi karɓar baƙi, shi ne shanun Arewa suka fi sauka a hannunsa. Har gobe a kasuwannin dabbobi irin ta Sheme da na hatsi irin ta Ɗandume, baƙon da ya zo daga Kudu yana da wanda yake sauka wurinsa, kuma ba ya sauya shi don bambancin 'yan kuɗi kaɗan.

A ƙaramin mataki akwai gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke zubawa bayan mudu ya cika, da ɗanɗanon da mai kilishi ko mai tsire ke miƙawa kafin a yi ciniki, da goron Sallah da ɗan kasuwa ke aika wa manyan abokan hulɗarsa. Akwai kuma bencin mai shayi, wanda a gaskiya shi ne taron abokan ciniki mafi daɗewa a garuruwanmu: kullum ana zama, kowa da wurinsa, kuma rabin abin da ke kawo mutane hira ce, ba shayin ba.

Shi ma dambe ya cancanci a ambace shi. Wasa ne da aka san mahauta da shi, kuma lokacinsa kaka ne, sa'adda manomi ke da kuɗi a aljihu. Inda aka kafa da'irar dambe, nan tukubar tsire ke ci har dare. Rundawa sun daɗe da sanin cewa wanda ya tara mutane shi ke sayar da nama.

Ranar gona: taron da ya fi dacewa da yankin

Kudancin Katsina yankin noma ne: masara da dawa da waken suya da shinkafa, ga auduga wadda ta yi wa Funtuwa da Daudawa suna tun zamanin Turawa. Saboda haka mafi yawan ciniki a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara yana tafiya ne da damina da kaka, kuma masu sayar da iri da taki da maganin feshi suna cikin waɗanda suka fi bukatar amincin jama'a. Dalili kuwa a fili yake. Manomi ba zai san ingancin irin da ya saya ba sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da gyara ya riga ya wuce. Idan iri ya ci amanarsa, shekara guda ce ta tafi.

Maganin wannan shakka tsoho ne a yankin. Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya yi amfani da gonakin gwaji da malaman gona wajen yaɗa ingantaccen irin masara da takin zamani. Daga baya ƙungiyar Sasakawa, wadda ta shigo Nijeriya a 1992, ta bi irin wannan hanya a jihohin Arewa, haka ma hukumar KTARDA ta jihar. Dattawan manoma da yawa a wannan yanki a irin waɗannan gonaki suka fara ganin masara mai goyo biyu, ba a rediyo ba. Gani ya kori ji.

Mai shagon kayan noma zai iya yin irin wannan da ƙarfinsa. Zai nemi 'yar gona a bakin hanya kusa da gari, ya raba ta gida biyu ko uku, ya shuka irin da yake sayarwa, alal misali ɗaya daga cikin nau'o'in SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, a gefe kuma ya shuka irin da mutanen garin suka saba da shi. Sharaɗin shi ne a yi musu hidima iri ɗaya: rana ɗaya a shuka, taki ɗaya, noma ɗaya. Idan ya fifita ɓangarensa da ƙarin taki a ɓoye, maƙwabcin gonar zai gani, kuma labarin zai riga shi isa masallaci.

Ana kiran mutane sau biyu. Na farko lokacin da masara ke kore shar ta fara fitar da goyo, domin a ga tsayi da ƙarfin kara da yadda ta jure wa tsutsa. Na biyu ranar girbi, inda za a ɓare a auna a gaban kowa, da mudu ko da sikeli, kuma ya fi kyau wani dattijo daga cikin manoman ne zai riƙe awon, ba mai shagon ba. Idan an samu malamin gona ya zo ya amsa tambayoyi, taron ya ƙara daraja. A nan ne kuma ya dace a koya wa mutane yadda ake gane jabun iri da jabun magani, da yadda ake duba tambarin Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa a jikin leda, da yadda ake haɗa maganin feshi ba tare da an cuci ido ko fata ba. Manomin da aka koya wa gane jabu, da wuya ya koma saye a hannun wanda bai sani ba.

Wani lokaci irin mai shagon ne zai sha kaye a gwajin. Wanda ya tsaya a gaban mutane ya amsa haka, ya ce bana wannan iri bai karɓi ƙasarmu ba, kada kowa ya saya, ya yi asarar cinikin kaka guda, amma ya sayi abin da kuɗin talla ba ya saya.

Masu sayar da maganin dabbobi suna da irin tasu ranar, inda za a gayyato likitan dabbobi ko ma'aikacinsa ya duba tumaki da awaki, musamman watanni kaɗan kafin Babbar Sallah lokacin da masu kiwon turke ke ɗaure raguna.

Sauran nau'o'in taro

Tela da mai walda da mai gyaran babur ko waya suna da walimar yaye yaran da suka koyi sana'a. Iyaye da dangi da mai unguwa za su hallara, a baje ɗinkin da yaran suka yi, a miƙa musu almakashi ko keke idan da hali. Kowane gida da aka yaye ɗansa ya zama gidan abokan ciniki na shekaru.

Masu shagunan da matasa ke yawan zuwa, irin su masu cajin waya da aski da POS, sun fi karkata ga ɗaukar nauyin gasar ƙwallo tsakanin unguwanni. Yana tara jama'a ƙwarai, sai dai yana da kasada, domin rigimar alƙalin wasa guda ɗaya tana iya mayar da rabin gari abokan gabar shagon.

Buɗe sabon shago da addu'a da rabon goro da dabino al'ada ce da kowa ya sani, haka ma buɗa-baki a ƙofar shago cikin azumi. A kan wannan na ƙarshe malamai sukan ja kunne: ciyar da mai azumi ibada ce, idan aka lulluɓe ta da allon talla da ɗaukar hoton mabukata, an shiga haɗarin riya, an kuma tozarta wanda aka ciyar.

Kasuwar da ke cikin gida

Babban kaso na cinikin garuruwan nan ba ya bayyana a bakin titi. Mata a cikin gidajensu suna sayar da atamfa da leshi da turaren wuta da humra da kayan kicin da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa, kuma kasuwarsu ita ce suna da biki da ranar kwasar adashe. Dillaliya mai yawo gida-gida da ƙunshin kaya ta riga kamfanin Tupperware sanin wannan sirri.

Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne wasu na kiran zama na musamman: mai turare ta tara mata goma ko goma sha biyar bayan La'asar ta nuna musu yadda ake haɗa turaren tsuguno, mai kayan fulawa ta koyar da cincin da dubulan kafin Sallah, mai lalle ta yi wa 'yan mata zane kyauta a hannu ɗaya. Wasu na tsoron koyarwa, wai za a ƙwace musu sana'a. Abin da aka fi gani shi ne cikin mata goma da aka koya wa, ɗaya ko biyu ne za su ci gaba da yi, su ma a wurin malamar za su riƙa sayen kayan haɗi, sauran kuwa sun ga wahalar aikin, sun daina yi mata tayin wulaƙanci.

Irin wannan zama yana bukatar yardar maigida, da kiyaye lokacin komawar mata gidajensu, da kuma hana ɗaukar hoton matan aure a saka a WhatsApp ko TikTok ba da izininsu ba. Hoto ɗaya ya isa ya rufe ƙofar gidan ga taro na gaba.

Lissafi kafin gayyata

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebi kuɗin taro daga uwar kuɗi, a yi rumfa da kujerun haya da lasifika, washegari a rasa na saro kaya. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kuɗin taro ya fito daga riba, kuma a san tun farko mutum nawa ne za su dawo kafin a mayar da shi.

A ɗauka mai shago ya kashe Naira 60,000 wajen tara manoma 40, kuma ribar da yake samu a hannun manomi ɗaya a damina guda ta kai Naira 6,000. Ke nan idan mutum goma da a da ba su saye a wurinsa suka dawo, ya mayar da kuɗinsa, abin da ya biyo baya a shekaru masu zuwa riba ce. Idan lissafin ya nuna sai duk arba'in ɗin sun dawo, to taron ya fi ƙarfin shagon, a rage shi.

Ba za a san wanda ya dawo ba sai da rubutu. Littafin makaranta guda ya wadatar: suna, unguwa ko ƙauye, abin da mutum ke nomawa ko yake yawan saye, da lambar waya idan ya yarda. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana amfani da lambar mutum ta hanyar da bai amince ba, don haka ba daidai ba ne a jefa mutane cikin zauren WhatsApp ko a miƙa lambobinsu ga ɗan siyasa. Littafin takarda yana da wata fa'ida da mutanen yankin suka gano a 2021, suka sake ganowa lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023: ba ya bukatar sabis.

Sai maganar bashi. Taro yana haifar da sabo, sabo kuma yana haifar da "rubuta mini zuwa kaka". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a yankin da manomi ba ya ganin kuɗi sai ya girbe, ba zai yiwu a hana shi gaba ɗaya ba. Amma mai shagon da bai sa iyaka ba, zai wayi gari jama'arsa sun yi yawa, kantarsa ta zama fanko. Wasu kan ba da bashin ne ga ƙungiya, manoma biyar ko goma su tsaya wa juna, wanda hakan ya fi sauƙin karɓa fiye da bin mutum ɗaya-ɗaya har gida.

Tsaro

Ba a maganar tara mutane a wannan yanki a tsallake wannan babi. Ƙananan hukumomin uku suna bakin dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari, kuma duniya ba ta manta da sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara su fiye da 300 a daren 11 ga Disamban 2020 ba. Ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun koma cikin garuruwa, gonaki masu nisa sun zama saura. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kuma a 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, amma ɗan kasuwa mai hankali yana auna halin garinsa ne mako-mako.

Abin da masu lura ke yi shi ne ƙaramin taro da rana, a cikin gari ko gonar da ke dab da shi, a watse kafin Magariba domin na ƙauye su isa gida da haske. Ana sanar da mai unguwa ko dagaci, da jami'an tsaron da ke wurin. Gayyata baki da baki ta fi shela a lasifika ko a Facebook. Ba a liƙi, ba a ƙirga kuɗi a bainar jama'a, ba a sanar da cewa wane ne ya fi kowa sayen taki bana. A wurin da ake fargabar masu kai rahoto daji, karrama babban abokin ciniki a gaban taro yana iya zama nuna shi da yatsa. Irin wannan godiya a kai ta gida, cikin sirri.

Akwai kuma wani haƙƙi da ba a cika faɗa ba. Cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai tsofaffin abokan ciniki da yanzu ba su da abin saye. Mai shagon da ya ci gaba da gayyatarsu, ya zaunar da su inda ya saba zaunar da su, mutanen gari suna kallo, kuma ƙauyuka na komawa idan ƙura ta lafa.

Iyakokin doka da addini

Abincin da za a raba ya zama mai tsafta, kayan gwangwani da magunguna su zama masu rajistar NAFDAC da ba su wuce wa'adi ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudara a talla, haka nan shari'ar Musulunci ta haramta ɓoye aibin kaya da kuma najashi, wato a dasa wani cikin taro yana ƙara farashi ko yana kambama kaya alhali ba saye zai yi ba. Kawo manomin ƙarya ya ba da shaidar cewa ya samu buhu kaza daga irin da bai taɓa shukawa ba yana cikin wannan babi.

Ƙuri'ar cin kyauta kuma a yi hattara da ita. Idan sai mutum ya biya kuɗin tikiti kafin ya shiga, malamai na ganin ta caca ce. Kyautar da kowa zai samu, ko da ƙaramin ƙullin iri ne na gwaji, ta fi kwanciyar hankali, ta kuma fi barin mutane da farin ciki fiye da babur guda da mutum ɗaya zai tafi da shi, saura su tafi da zargi.

Inda za a nemi taimako

Hukumar SMEDAN ta tarayya, wadda aka kafa a 2003, ita ke kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma binciken da ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai irin waɗannan sana'o'i fiye da miliyan 39 a ƙasar nan a ƙarshen 2020, mafi yawansu na mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Gwamna Raɗɗa ya shugabanci hukumar kafin ya hau mulki, kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar KASEDA domin irin wannan aiki a matakin jiha. Masu kayan noma kuma za su iya tuntuɓar malaman gona na KTARDA da wakilan kamfanonin iri, waɗanda sukan ba da irin gwaji ga dillalin da ya nuna yana da gona da manoman da za su zo kallo.

Mafi kusa daga duk waɗannan ita ce ƙungiyar 'yan kasuwar garin da Sarkin Kasuwa. Shaguna uku ko huɗu da ba su sayar da kaya iri ɗaya, kamar mai iri da mai maganin dabbobi da mai gyaran injin ban-ruwa, za su iya haɗa kuɗi su kira taro guda, kowa ya gayyato mutanensa, a raba kuɗin shayi da tabarmi gida uku ko huɗu.